Babu Zakara a Na Biyu

Ni ke tura waƙa a waya,
rumfa ta uku daga bakin tashar Madarunfa,
dala ashirin, waƙa goma.
Don haka kunnena ya ji abin da ƴan Tsatsa ba su ji ba.

Faifansu na farko a garejin Zabairu suka naɗe shi,
can Bagalam, tsakanin tsofaffin tayoyi da baƙin mai.
Kana jin injin wuta yana tari a bayan gita,
kana jin wani zakara a waƙa ta huɗu
wanda ba kowa ya gayyace shi ba.
Shekara biyu ina tura shi
har babban yatsana ya yi kanta.

Na biyun ya iso ranar Talata,
a wanke, a goge, da ƙamshin Yamai,
daga ɗaki mai soso a bango.
Babu zakara.

Nafi'u na rediyo ya fara, a shirin daren Asabar.
Ya ce yara sun girma.
Sau shida ya ce "natsuwa", na ƙirga,
shi da ya kira na farkon hayaniyar maƙera.
Wani kuma a jarida ya ce sun bar gida,
wai gitar Mantau ta manta hanyar gulbi.
Ya ba su biyar cikin goma
kamar malamin lakwal mai ciwon haƙori.
Ko sunan unguwar bai rubuta daidai ba.

Masoya ba su da jarida.
Bencina suke da shi.

Illa ɗan kabu-kabu ya zare abin kunne
tun waƙa ta biyu ba ta kai rabi ba.
"Goge mini. Wannan tuwon biki ne,
ni na saba da na gida, mai ƙanzo."
Ya tada babur, ya bar mini hayaƙi.
Bayan la'asar sai ga shi,
yana kallon wani wuri daban:
"To, maido ta bakwai kaɗai."

Ta bakwai ita ce mai rami a tsakiya.
Ganga ta tsaya, gita ta tsaya,
shiru har ka duba ko caji ne ya ƙare.
Mai jarida ya ce iyayi ne.
Nafi'u yakan cike wurin da tallar shinkafa.
Amma Barira, mai koyon aikin ungozoma,
ta saurara a tsaye, jakarta a kafaɗa,
ta ce daidai tsawon shirun ke nan
in yayanta ya kira daga Sabha
aka tambaye shi yaushe zai dawo.
Ta biya, ta manta canjinta.

Yaran lakwal sun rabu biyu a gabana,
ƴan gareji da ƴan Yamai,
har aka yaga wa wani aljihu
a kan mutum huɗu da ba su san da su ba.

Jiya da magariba Mantau ya zo da kansa,
hula har gira, kamar mai bashi.
Ya ce wanne aka fi nema.
Na buɗe masa littafi, ban iya ƙarya da alƙalami:
wannan wata, na farko arba'in da ɗaya,
na biyu goma sha tara.
Ya daɗe yana kallon goma sha taran
kamar zai gane fuskokinsu.

Na ce, ina zakaran nan kuwa?
Ya yi dariya ba sauti.
"Mun cinye shi daren da muka sa hannu a takarda."

Sai ya miƙo wayarsa, gilashinta a tsage.
Nasa kwafin ya ɓace tun a hanyar Dogon Dutsi.
Na tura masa na farko,
na karɓi dala ashirin ɗina.