Akwatin Wutar Kawu Jibir

A bayan buhunan wake na same shi,
a ɗakin da Kawu Jibir ya bari a Bajoga.
Akwatin ƙarfe ne mai ruwan toka,
nauyi kamar dutsen niƙa,
zanzaro ya yi gini a kan fis ɗinsa.

Ni mai gyaran waya ne a bakin tasha,
abin da nake taɓawa sai da madubi ake ganinsa.
Wannan kuwa kowace waya ta kai tsinken tsire,
kowane ɗigon dalma kamar ƙwayar gurjiya.

Ban manta aikinsa ba.
Rediyon Kawu ba ta ƙoshi da wutar batir,
kwalaben cikinta sai wuta mai ɗaruruwa.
Shi ne ɗan tsakani,
ya karɓi sha biyu daga batirin Fijo,
ya kaɗa ta, ya murɗa ta a taransifoma,
ya miƙa ɗari uku.
Kawu yakan ce, "Ka taɓa ganin dillali irinsa?
Ka ba shi ƙwandala, ya dawo maka da fam."

Bayan isha'i mukan hau tudu ta hanyar Ashaka,
ni ke kafa gorar eriya, ina kokawa da iska.
Sai akwatin ya soma kuka kamar zuma a tulu,
kwalabe su yi ja a hankali,
can sai murya,
wani daga ƙasar da ruwa ke daskarewa a famfo,
yana tambayar ko muna jin sa.
Kawu ya gyara hula, kamar ana kallonsa,
ya amsa da Turancinsa na gidan waya.

Kafin mu farga batir ya mutu.
Ni da turi, shi da sitiyari.
Inna Dudu na jiran mu a zaure da fitila:
"Kana ta hira da waɗanda ba za su zo jana'izarka ba."

Ba su zo ba kuwa.
Katunansu dai na nan a gwangwanin madara,
saba'in da huɗu, na ƙirga.

Jiya na kankare tsatsa,
na canja kondensa biyu da suka kumbura,
na aro batir wurin Ɗanlele mai caji.
Shiru.
Na ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba
daidai inda fenti ya goge, inda Kawu ke bugu.
Sai zuma ta farka.

Rediyon babu.
'Yan gwangwan sun auna ta a sikeli tun shekarar rasuwa.
Ga ɗari uku a tsaye, ba mai karɓa.

Na cire batir, na kai hannu ciki,
ya fizge ni har gwiwar hannu.
Ashe na manta gargaɗin Kawu:
"Ko ya yi shiru kada ka yarda,
da sauran magana a bakinsa."

Na zauna kan buhun wake ina tsotsar yatsa,
ina dariya ni kaɗai,
har Hansai ta leƙo ta ce, "Lafiya?"