Ruwan Toka

Shekara talatin ina rini a Birni,
hannuna ya san baba, ya san katsi.
In na ce wa zane yi shuɗi, sai ya yi,
in na ce tsaya nan, ba ya ƙara taki.
Da gwiwa ta raba ni da bakin karofi
na koma kiwon kaji,
na ɗauka launi duk launi ne.

Wata Alhamis a kasuwar Dole
na ga sagara a hannun wani mutumin Mirya,
ita ba fara ba, ita ba baƙa ba,
launin murhu da asuba
kafin a hura wuta.
Jika uku ya ce, ban ko taya ba.
Wata biyu ina cigiyar mijinta
har na samo shi a Matamai,
ɗingishi yake, amma toka ne daga wuya har bindi.

Na killace su bayan madafa.
Ƙwai goma sha biyu, kwana ashirin da ɗaya.
Lissafina na gama shi tuni:
toka in ta auri toka, me za ta haifa?

Ranar ƙyanƙyasa Habsu ta kira ni tana dariya.
Shida sun biyo iyaye.
Uku baƙaƙe ƙirin
kamar a karofina na da suka kwana.
Biyu farare da ɗigo-ɗigo,
irin rigar yaron marini.
Ɗaya baragurbi.

Na ce zakaran Ɗanjimo ne ya haura.
Na jera ƙaya a kan katanga,
muka yi sati uku ko sannu babu.
Na sake kwantar da ƙwai. Haka.
Na sake da damina. Haka dai.
Na ari kaye a jakar jikana
ina jan sanda, baƙi nan, fari nan, toka nan,
kullum tokar rabi take ba ni,
ta riƙe rabi.

Waɗanda na raina na sake su a tsakar gida,
su ci gara, su ci abin da Allah ya hore.
Mai ɗigon nan ta ɓace mana,
muka ce shirwa ce.
Ashe tana ƙarƙashin dutsen bayan gida,
ita da ajiyar baƙin zakaran da na yi wa alkawarin wuƙa.
Ta fito da tara a bayanta.
Na ƙirga, na goge ido, na sake ƙirgawa.
Tara, kuma duka toka.

Tsahara da ta zo hutu daga jami'a
ta duba kayen ta ce, Kaka, ba su narke ba ne.
Ƙwayar gado bibbiyu take,
ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba,
zama suke yi tare, ba sa zama ɗaya.
Na ce a karofi
abin da ka dama ya damu ke nan har abada.
Ta ce kaza ba karofi ba ce.

Na daɗe a bakin akurki ran nan.
Ashe tokar da nake bi
baƙi biyu ne kan tabarma ɗaya,
gari na wayewa kowa ya kama hanya,
sai in sun sake gamuwa a wani ƙwai.

Bayan la'asar na kama mafi kyau cikin taran,
na ɗaure masa ƙafa da tsumma,
na yi sallama a ƙofar Ɗanjimo.
Ya juya shi, ya busa gashin ƙirjin,
ya ce, zai haifi irinsa?
Na ce, nema masa fara mai ɗigo ko baƙa,
ka kuma sayi kaye.
Ƙayar nan, gobe zan sauke ta.