Kayan Ciki

Zafin Sakkwato ya koro ni daga ɗaki,
na shimfiɗa tabarma ƙofar gida a Mabera,
ƙamus ɗin Helenanci bisa cinyata.
Bangonsa ya rabu, Rifkatu ta ɗinke da zaren buhu.

Kalmar yau ta ƙi zama a bakina.
Baƙi uku a jere, ba wasali tsakani,
kamar ƙatti uku kan kabu-kabu ɗaya.
Splankna.
Harshena ya yi mata ciko: sifilankina.
Fasto Filibus zai ja tsaki ran Talata.

A namu fassarar an ce tausayi.
Na duba ƙasa, cikin ƙananan rubutu:
hanji, hanta, huhu, zuciya,
abin da Ɗan'ige mahauci ke juyewa a daro
da sassafe, ƙuda na bi.

To, ashe nan abin ya kama Almasihu
da ya ga taro a gajiye.
Ba a ka ba. Ciki ne ya murɗa.

Malam Sahabi maƙwabcina ya dawo daga Isha'i,
ya tsaya, ya haska min tocila.
Na faɗa masa. Ya jima shiru.
Can ya ce a Larabci ma
rahama da mahaifa tushensu guda,
ya wuce rufe awakinsa.

Na tuna daren da aka shiga tiyata da Ishaku,
yadda na durƙusa bayan asibiti
riƙe da cibiya, addu'a ta gagara.
Shekara shida ke nan na san kalmar.
Rubuta ta ne ban iya ba.