Rajistar Ƙofa ta Bakwai

Sun aiko mini da takarda daga ofis,
gida-gida kamar gurbin dara.
Wai in cike: kwana nawa aka buga ƙwallo bana,
mutum nawa suka shiga, nawa aka karɓa,
kashi nawa cikin ɗari na kujerun nan
suka taɓa jin ɗumin jikin ɗan'adam.

Ni Tanimu Barau, mai makullin ƙofa ta bakwai,
shekara goma sha ɗaya ina ƙirga kawuna a filin nan na Jos.
Na lashi bakin fensir, na rubuta gaskiya:
kwana goma sha tara.
Sauran ɗari uku da arba'in da shida
filin na kwana baki buɗe
kamar akushin da aka wanke aka manta a tsakar gida.

Akwai kujera mai lamba dubu biyu da tara,
can sama, inda iska ke shigowa daga duwatsu.
Tun da aka ɗaure ta da noti ba wanda ya zauna
sai wani jan gwada da ke zuwa da hantsi,
yana gyaɗa kai, wai ya yarda da alƙalin wasa.

Amma takardar ba ta da gida
don Baba Dalyop, da likita ya ce jininsa ya hau,
yake zagaye fili sau huɗu kafin sanyin asuba ya saki gari.
Ba ta da gida don Kangyang da ƙawayenta shida
masu tsere ba takalmi a layin da fentinsa ya goge.
Nakan bar musu ƙofa a sakaye, ba na rubutawa.
Sale mai shayi ma,
da ke riƙe wa ɗansa bayan keke a wurin ajiye motoci,
yana cewa taka, taka, ban sake ka ba,
alhali ya saki tuntuni.

Ranar Talata Injiniya Nanret ta zo da na'ura a hannu.
Ta auna hasken fitilu, ta auna tsawon ciyawa,
ta leƙa banɗakin da ruwa ya yi wa yaji.
Ta ce man da janareta ke sha a dare guda
ya cinye tikitin wasa uku.
Ta ce, "Malam Tanimu, irin wannan gini
rashin ƙafa ke kashe shi, ba yawanta ba."
Na ce, ranki ya daɗe, ɗakin da ba kowa
gara ce ke cin gadonsa.

Sai na juya takardar, bayanta fari ne.
Na rubuta: Litinin a bai wa 'yan firamare.
Ɗakunan ƙarƙashin bene da jemagu suka kama haya,
a saka tela, a saka mai gyaran waya.
Asabar ɗin da ba wasa, manoman dankali da kabeji
su baje a farfajiya, su biya abin da ya sawwaƙa.
A daina kunna fitila duka don mutum ɗari biyu.
A gyara famfo tukuna.
A ƙirga kowace ƙafa, ko ba ta zo da tikiti ba.

Ta karanta, ta ninke, ba ta ce za a yi ba.
Ta dai tambaye ni ƙarfe nawa Kangyang ke zuwa.

Da yamma, kafin in ja ƙofa,
na hau matakala, gwiwata na ƙara,
na share kashin tsuntsu da gefen hula,
na zauna a dubu biyu da tara.
Ashe daga nan ana hango har Dogon Dutse.
Na buɗe rajista, na rubuta kwanan wata,
a gidan 'yan kallo na saka: ɗaya.