Ranar da Ba a Ƙirgawa

Shekara ashirin da uku ina bayan wannan taga
a kotun Iloilo, hatimi a dama, kalanda a hagu.
Sunana Eufemio. Kwanakin mutane nake ƙirgawa.

Ran Litinin, huɗu ta gota,
Consolacion Tabiana ta iso daga tsibirin Guimaras,
ruwan teku ya jiƙa mata siket har gwiwa,
takardunta cikin ledar shinkafa, an ɗaure da roba.
Gonar mangwaro ce, bishiya goma sha tara,
alƙali ya mallaka wa ɗan wan mijinta.

Ba ta miƙo komai ba.
Ta ce, "Na san na makara.
Na zo ne don kada a ce ban zo ba."

Kwana goma sha biyar aka ɗibar mata ta ɗaukaka ƙara.
Sai ta jera ƙwayar masara goma sha biyar a gefen murhu,
kullum ta jefa wa kaza ɗaya.
Ran Asabar masinja ya kawo hukuncin,
a ranar ta jefa ta farko.
Kafin kuɗin rajista su haɗu, saura biyu,
sai guguwa ta taso, aka ɗaure jirage a gaɓa.
Ƙwayar ƙarshe ta shige cikin kaza ran wata Asabar,
ita tana tsaye a bakin ruwa
tana hangen fitilun birnin da ba ta da hanyar taka shi.

Na ciro kalanda daga ƙusa.
Na ce, "Inna, ranar da takarda ta same ki
ba ta cikin lissafi.
Ranar kuka ce, an bar miki ita.
Sai gari ya waye ake cewa ɗaya."
Na bi gidajen da yatsa, tana bi da leɓe.
Sha biyar ta sauka kan Lahadi.
Lahadi kuwa ƙofarmu a garƙame take,
doka ba ta cewa a ƙwanƙwasa ƙofar da ita ta kulle.
Sai wa'adi ya tsallaka, ya kwana a Litinin.
"Yau ke nan. Har ƙarfe biyar."

Ta dubi agogon bango, ta dube ni.
Ta ce, "Wato kazar nan bashi ta ci?"

Na buga hatimi. Huɗu da minti arba'in da ɗaya.

Ba kullum kalanda ke da kirki haka ba.
Bara wani direban keke-mai-inji
ya zubar da Lahadin tsakiya, yana zaton duk hutu ne.
Ita ta tsakiya ana ƙirga ta.
Da kwana ɗaya ya makara.
Ya tsaya nan, hula a hannu,
ni kuwa hatimina ba ya tafiya da baya.

Ban ce wa Consolacion za ta ci shari'a ba,
ƙofa kawai na ce ba ta rufe ba.
Ta ajiye mangwaro ɗaya a kan taga.
Na ce aiki ya hana ni karɓa.
Ta ce, "To bar shi nan, ka ƙirga masa kwanaki,"
ta ruga kada jirgin ƙarshe ya bar ta.