Mutumin Da Ya Fita Daga Allo

Ɗakin kwamfuta yana hawa na uku,
tagarsa na kallon tashar jiragen ruwan Valparaíso.
Mu goma sha tara ne a kwas ɗin,
fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama.

Malama Huenchullán ta ajiye kofin shayinta ta ce:
Kwamfuta ba ta da kara.
Abin da ka faɗa shi za ta yi,
ba abin da kake nufi ba.

Makon farko ƙwallo muka zana.
Tawa ta faɗo tim, kamar dutse a rijiya.
Ta leƙo ta kafaɗata:
Ƙwallo lotsewa take kafin ta tashi, Ximena.
Ba mai tsalle sai ya durƙusa.
Na rubuta wannan a bayan hannuna,
ruwan wanke-wanke ya cinye shi da dare.

Mako na shida aka ba da aikin zango:
a zana wani abu mai ƙafa,
in an danna maɓalli ya taka,
in an saki ya tsaya.
Anselmo ya zana ɗan sama-jannati.
Maite ta zana karen bakin titinsu, mai kunne ɗaya.
Ni kakana na zana, Eleuterio,
wanda ya shekara talatin da ɗaya
yana jan birkin motar igiya mai hawa tudunmu,
sama, ƙasa, sama, ƙasa,
bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Hoto goma sha biyu, in ji littafi, su ne tafiya.
Na jera goma sha biyu, ya yi maci kamar kurtu.
Ba shi ba ne.
Kwana uku ina tono ƙafarsa ta hagu,
yadda take ɗan dakatawa
kamar baƙo mai jiran a amsa sallama,
kafaɗa ta biyo, hula ta sunkuya.
Na ƙara hoto biyu a gurbin jinkirin.
Da na danna,
sai da na ja kujerata baya.

Daren miƙa aiki, ƙarfe biyu saura,
mai gadi na kaɗa makullai a baranda.
Na danna, ya taka.
Na saki.
Bai tsaya ba.
Harafi ɗaya na ci a layi na arba'in da bakwai,
iyakar allo kuma ban gaya masa da ita ba.
Ya ɗingisa ya wuce fitilar da na zana,
ya wuce benci,
hula ta fita, kafaɗa ta fita,
ƙafar hagu ce ta ƙarshe, kamar kullum.

Allo fari fat.
Amma a ƙasan kusurwa lambar matsayinsa na ta hawa:
dubu biyu, dubu biyu da ɗari,
dubu uku.
Ba a ganinsa, yana dai tafiya.

Da safe Malama ta zabge min maki huɗu.
Layi ɗaya ne maganinsa, ta ce:
idan ya kai bango, to ya juyo.
Na rubuta. Ya kai bango, ya juyo,
hagu, dama, hagu, dama,
ladabi kamar ranar karɓar albashi.
Ajin ya tafa.

Wancan na farkon yana nan a kwamfutata ta gida,
ban gyara ba, ban rufe ba.
Jiya na zauna da abin awo na lissafa:
ya sauka tudu tun Talata,
ya wuce gidan burodi, ya wuce kasuwar kifi.
In ba a ɗauke wuta ba,
jibi war haka yana bakin teku.