Watan da Bai Tsaya Ba

Sau uku wata na tsayawa a saman Tawa,
nawa bai tsaya ba.
Na ƙirga da yatsa, na ƙirga a bangon kaye.
Illa yana Abijan tun kafin damina,
me zan ce wa masu taya ni ƙirga?

Ɗiya tamanin da huɗu gare ni a aji,
uku a gida,
ga tsohuwa da ƙafarta ta ƙi taka ƙasa.
Kuɗin kwantiragi sai sun ga dama su zo,
mai haya kuwa bai taɓa makara ba.

Gashina na bin mashaci yana tafiya.
Ƙuraje sun yi sansani a haɓata
kamar ina ƴar sha biyar.
Ƙarfe uku na dare ido biyu,
zuciya na daka, babu hatsi a turmin.
Jiya na yi wa Nafisa tsawa don cokali ya faɗi,
na shige bayan ɗaki na yi kukan da ban san sunansa ba.

Ungozoma Bibata ta ɗaga takarda ga haske:
"Ba ciki ba ne, malama.
Akwai ƴan aike a cikin jini,
kowa da saƙonsa, kowa da ranarsa.
Na tsoro an yi shi don gudu ɗaya,
ke kin ɗauke shi aiki dare da rana.
Ya tare hanya.
Masu kai saƙo mahaifa sun tsaya jira."

Na ce, jiran me?

"Ke ba ɗiyar Adar ba ce?
Wa kika ga ya zuba iri
hadari bai haɗo ba?
Jikinki ya duba sama, ya rufe rumbu."

Ta rubuta awon jini, jikka shida.
A ƙasa ta ƙara da hannunta: hutu.
Na duba kantin magani ciki da bai,
ban ga inda ake ajiye shi ba.

Ran laraba Tamo ta leƙo ta katanga,
ta kwashe yaran ba ta tambaye ni ba.
Na zauna bakin tabki da la'asar sakaliya,
ba alli a hannu, ba ludayi.
Balbela ta tsaya da ƙafa ɗaya
ta daɗe.
Na ji kafaɗuna sun sauko daga kunnuwana.

Wata bai zo ba tukuna.
Amma daren nan
ladan ne ya tashe ni.